Malam Iliya da Hannun Gem Mai Kuloci

Ranar Talata da hantsi ina zaune a rumfata ta gyaran waya a Zango, sai wana Sabi'u ya kira ni daga Daura. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hamisu, sai haƙuri. Allah ya yi wa Malam Iliya rasuwa bayan sallar asuba." Na yi salati. Daga baya na rufe rumfar na shiga motar Daura, na tarar ana daidaita sahu za a yi masa salla.

Yawancin mutanen gari sun san Malam Iliya ne a matsayin mai gyaran rediyo da talbijin a wani lungu da ke bayan kasuwa. Mu kuwa da muka yi samartaka a ɗakin da ke jikin shagonsa, mun san shi da wani abu daban. A ɗakin nan akwai akwatunan gem guda uku, irin dogayen nan da ake tsayawa a gabansu, tsofaffi da wani ɗan kasuwa ya kwaso daga Kano. Sandar da ake juyawa da hannun hagu, wadda muke kira hannun gem, ita ce ke fara lalacewa, ga shi ba a samun sabuwa a ko'ina. Sai Malam ya fara ƙera nasa.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a ne, ana sa ido sosai a kan duk wurin da samari ke taruwa. Wata rana limamin unguwa ya zo da dattawa biyu don su gani da idonsu. Malam ya shimfiɗa musu tabarma, ya kunna akwati ɗaya, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ga shi nan. Ba a caca a nan, in an kira salla ana kashewa, ɗan makaranta kuma ba ya shigowa sai an tashi." Liman ya kama sandar ya juya ta hagu da dama, ya tambayi wanda ya ƙera. Da aka ce Malam Iliya ne, sai ya ce a kiyaye lokacin salla. Har aka rufe ɗakin bayan shekaru ban taɓa ganin an saɓa ba, ko da wasa ya kai inda ya fi daɗi.

Ba ya ƙera abu iri ɗaya sau biyu. Akwai sanda mai tauri da ya sa wa sifirin na babur, wadda masu ƙarfin hannu suka fi so. Akwai gajera mai kan katako da wani masassaƙi ya zagaye masa kamar ƙwai. Akwai wadda ya ɗora a kan boris, ƙwallayen ƙarfen nan na cikin tayar babur, tana da santsi har in ka yi atishawa ɗan wasanka na cikin gem ya yi tsalle. Mun rabu gida-gida a kan waɗannan sanduna, muna musu kamar masu musun ƙwallo. Shi kuwa yana zaune bakin ƙofa da ƙarfen dalma a hannu yana saurare. In wani ya yabi aikinsa sai ya ce, "Kar ka ce mini ya yi kyau. Gaya mini inda yake cijewa."

Yana da halin da ke ba mu haushi, kuma ba zan ɓoye ba don ya rasu. Sai ka saba da sanda, hannunka ya san ta, ka zo washegari ka tarar ya warware ta wai zai ƙara mata wani abu. Lawal, wanda ya fi kowa son mai taurin nan, ya taɓa yin sati biyu bai leƙo ba saboda haka. Malam bai ba shi haƙuri ba, amma da Lawal ya dawo ya tarar an mayar da ita yadda take.

A lokacin ina acaba, kuma a ɗakin nan ba mai doke ni sai Lawal. Ranar wata kasuwar Baure ina dawowa, saniya ta faɗo mini a titi. Na tsira da raina, amma yatsun hannuna na dama suka mutu, ba sa lanƙwasuwa. Na daina acaba. Na daina zuwa majalisa, na daina zuwa ɗakin gem, masallaci ma sai in tsaya sahun baya in fice kafin a ga hannun. Ina da shekara ashirin da huɗu, na zauna a ɗaki kusan wata biyar, mahaifiyata tana kawo abinci tana mayarwa.

Wata ranar Juma'a bayan la'asar aka yi sallama da ni, na fito na ga Malam Iliya a zaure riƙe da zare da fensir. Bai yi mini jaje ba, don ya riga ya yi a asibiti. Ya ce, "Miƙo hannun." Na miƙa na dama ina kawar da kai. Ya ce, "Ba wannan ba, ɗayan." Ya auna tafin hannuna na hagu da tsawon yatsun, ya rubuta a bayan kwalin ashana. Na ce, "Malam, ni na gama da gem. Da me zan danna maɓallai?" Ya ce, "Shekara nawa ka yi a kan babur? Hannunka na hagu ya san kuloci, ƙafarka ta san giya. Su ba su yi hatsari ba."

Na farko da ya ƙera bai yi ba, kulocin ya yi tauri, in na matse shi sandar sai ta karkace. Na biyu wayarsa ta tsinke a hannuna. Kowane gwaji sai na je shagon da kaina, domin ya ƙi kawo mini gida, ya ce akwatin ya yi nauyi. Sai daga baya na gane abin da yake nufi da hakan: so yake ya fitar da ni daga ɗaki. Na ukun shi ne ya zauna: guntun kan babur a tsaye, da kuloci a jikinsa, da maɓalli ɗaya a saitin babban yatsa, sannan feda biyu a ƙasa da ake takawa a madadin sauran maɓallan. Na yi kwana goma ina shan kashi a hannun kowa. A rana ta sha ɗaya na doke Lawal sau uku a jere.

Nan magana ta tashi. Lawal ya ce wannan ba hannun gem ba ne, babur ne, kuma ana yi musu wayo. Wasu suka goyi bayansa. Raina ya ɓaci, na juya zan fita. Malam ya ce in tsaya, ya dubi Lawal ya ce, "Bismilla, hau. Kai kana da hannu biyu ma." Lawal ya kama, ya taka fedar tsalle a inda ya kamata ya kai naushi, aka gama da shi kafin ya gane hagu da dama. Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bai taɓa yarda cewa sandar daidai take ba, har yau yana cewa ɓata wasa ce, amma tun daga ranar bai ƙi karawa da ni ba. 'Yan acaba kuwa suka riƙa yin layi a kanta.

Bayan wata biyu Malam ya ajiye mini kujera kusa da tasa, ya ƙera wani ɗan maƙali na ƙarfe da ke riƙe waya a madadin hannuna na dama, ya koya mini liƙa dalma da hagu. Da wannan sana'ar na yi aure, da ita nake ciyar da 'ya'yana uku. Duk lokacin da na so yi masa godiya sai ya katse ni da tambaya a kan wani aiki.

A zaman makoki mun haɗu mu kusan goma sha biyar, wasu daga Mashi, wasu sun yi furfura. Ba mu ankara ba muka fara musu ƙasa-ƙasa a kan wace sanda ce ta fi. Yayan marigayin, Alhaji Mamman, manomi ne da bai taɓa shiga ɗakin gem ba, yana gefe yana jinmu. Muka ji kunya muka yi shiru. Ya ce, "Ku ci gaba. Shekara da shekaru ina yi masa faɗa ya bar wasan yara. Ban san haka yake a wurinku ba." Ya share idonsa da hannun riga.

Allah ya jiƙan Malam Iliya, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mai ɗakinsa Malama Rabi da 'ya'yansa da 'yan'uwansa haƙurin wannan rashi, ya tsare musu bayansa. Alherin da ya yi mini ban iya biya ba yana raye, ina roƙon Allah ya biya shi da mafificinsa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.