Shaidar da Muka Rasa a Bakin Tukunya

Ranar wata Laraba ce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bayan an gama yankan dawa, a tsakiyar shekarun 1950. Mu uku ne: ni, da kawuna, da wani dattijo maƙwabcinsa. Ina aikin awon gyaɗa a Gusau a lokacin. Su kuwa daga Wonaka suka taso tun kafin asuba a kan jakuna, domin bayan azahar alƙali zai saurari ƙarar da ke tsakanin kawu da wani mutumin garinsu a kan iyakar gonar fadama. Cikin waɗanda suka ga ranar da aka dasa gambar iyakar, dattijon nan kaɗai ya rage da rai. Ban da shi, kawu ba shi da wata shaida.

Na ga yunwa a fuskarsu, sai na ce mu je wurin da nake cin abinci.

Rumfa ce kusa da tashar jirgi, an kewaye gefe uku da zana, gefe ɗaya a buɗe yana kallon hanya. A tsakiya akwai ƙatuwar tukunya a kan murhu, romo yana tafasa tun safe, ga benci kewaye da ita. Matar da ke da wurin ba ta sayar da nama. Mahauci ne a gefe yake yanka maka, ya tsire maka shi a kaba, ka ƙulla alamarka a jelar kabar, ka jefa cikin romon da kanka. In ya nuna ka jawo, ta zuba maka romo a akushi, ta miƙo hoce, wato wainar garin dawa. Leburorin tasha da direbobi ne yawancin masu zuwa.

Dattijon ya tsaya a bakin rumfar, bai shiga ba.

Ya ce, “Ɗana, wurin ga gida ne ko kasuwa?”

Na ce, “Rumfa ce, Baba. Ga zana nan.”

“Zanar ba ta kai ko'ina ba.”

Mai tukunya ta ce, “Malam, shigo mana. In kunya ce, ai romon bai san kowa ba.”

Aka yi dariya, ya shiga. Gurbin da ya rage a bencin yana fuskantar hanya, nan ya zauna. Ya yi wa kabarsa ƙulli uku, ya sa ta a romo, ya riƙe jelar bai saki ba har naman ya nuna. Ya ci, ya yi gumi, ya ce rabonsa da romo irin wannan tun layya.

Yana cikin tauna loma ta ƙarshe abokin shari'ar kawu ya biyo ta hanyar, janye da jakinsa. Ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, “Malam, ashe nan kake. A ci lahiya.”

Dattijon ya ajiye akushin. Ni ban ga abin damuwa ba, domin shekara uku ina ci a wurin, har na manta cewa a ƙauye dattijon kirki ba ya cin abinci a idon masu wucewa.

Bayan azahar dattijon ya ba da shaidarsa tsaf, ya faɗi inda gambar ta fara da tsamiyar da ta ƙare a gindinta. Alƙali ya juya wajen ɗayan mutumin, ya tambaye shi ko yana da suka a kan mai shaida.

Ya ce, “Allah shi gafarta Malam, ɗazun ga na gan shi yana tsamo nama cikin tukunya bakin tasha, tsakiyar leburori. Mai ci a kasuwa, ina shaida tai?”

Alƙali ya tambayi dattijon ko haka ne.

Ya ce, “Awo, na ci.”

“Wurin gida ne ko kasuwa?”

Na miƙe zan yi maganar zana, da cewa matafiyi ne, aka ce in zauna, ba a kira ni ba. Dattijon ya ce, “Ina ganin masu wucewa, su ma suna ganina.”

Alƙali ya jingine shaidar, ya ba kawu mako biyu ya kawo wata. Da muka fito na ba su haƙuri. Dattijon ya ce ba ni na sa masa naman a baki ba, ya kwance jakinsa.

Kawu bai sami kowa ba. Da wa'adin ya cika aka rantsar da mutumin, aka tabbatar masa da gefen fadamar. A shekarar da ta biyo ya dasa rake a wurin.