Zakaran Inna mai wuya ba gashi

A gidanmu na Yelwa an yi wani zakara mummuna, wuyansa ba gashi ko ɗaya, kai ka ce an fara fige shi aka fasa. Inna ta zo da shi daga Shanga, garinsu. Duk kazar da ta fito daga tsatsonsa, namanta daban ne: ko ƙirji ka gutsura, maiƙo ne ke bin bakinka, ba irin naman nan mai kama da tauna tsumma ba. Da kajin nan Inna ke taƙama a dangi.

Gwaggo, yayar Baba da ke Wara, abin ya tsone mata ido. Ta ɗauka abinci ne sirrin. Ta ɗura wa nata kajin dusar shinkafa, ta bi masunta bakin tafki tana kwaso hanjin kifi. Kaji suka yi ƙiba har tafiya na gagararsu. Aka yanka, sai dunƙulen kitse a ciki, nama a bushe, ga ƙarni kamar ka dafa tarwaɗa.

Shekarar da na gama karatun kiwo, Gwaggo ta zo mana kwana. Ni kuwa lokacin bakina ƙaiƙayi yake, ko ba a tambaye ni ba sai na yi bayani. Na ce kitsen kaza iri biyu ne. Na ciki, abinci ke tara shi. Amma wanda ke ratsa tsoka ya sa nama daɗi, akasari gado ne, a ƙwayoyin halitta yake, uwa da uba ke zuba shi cikin ƙwai.

Gwaggo ta ajiye maficinta. "Uba kac ce?"

Na ce, "Ƙwarai. Kamar wancan."

Har da nuna zakaran da yatsa! Inna ta yi mini wani kallo da har yau ban manta ba.

Gwaggo ta ce, "Amarya," don haka take kiran Inna ko da muka girma, "gobe in zan tafi a ɗaure mini wanga mummunan."

A gidanmu yayar miji ba ta nuna abu a ce a'a. Inna ta ce, "To, Yaya."

Da la'asar Gwaggo ta fita gaishe-gaishe. Inna ta kira ni bayan ɗaki, zakara a hammatarta, ta miƙo mini wuƙa. "Baƙuwa ta zo, ai sai a yanka mata kaza. Malamin kaji, bismilla."

Haka na yanka shi. Tsoho ne, ya sha itace kafin ya nuna, amma da ya nuna ƙamshin har maƙwabta. Gwaggo ta ci ta suɗe yatsu, tana ta santi. Inna ko romo ba ta taɓa ba.

Da safe Gwaggo ta ce ina zakaranta. Inna ta sunkuyar da kai, muryar nan kamar ta Allah: "Ai shi kika ci jiya, Yaya. Wa ya fi ki cancanta?"

Na zaci gidan zai kama da wuta. Ina! Gwaggo ta sa albarka, ta ce to a ba ta ƙwan da ke cikin akurki ta dafa wa jikoki. Inna, daɗin nasara ya rufe mata ido, ta kwashe duka ta zuba mata a ƙwarya, har da ƙaiƙayi kada su fashe a mota.

Bayan nan zakaran maƙwabta, wani fari ɗan gidan gona, ya gaje mana tsakar gida. A hankali naman kajinmu ya koma irin na kowa. Inna ta daina aika kwano gidajen dangi ranar Sallah, abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

A Wara kuwa ba jikan da ya ga dafaffen ƙwai. Kaza Gwaggo ta sa ta kwanta a kai. Aka ƙyanƙyashe, har da zakaru masu wuya ba gashi, labari ya iso Yelwa.

Wata safiya Inna ta miƙo mini kwando da igiya, ba ta kalle ni ba.

"Ka tafi Wara. Ka ce ina gaishe da Yaya." Har na kai ƙofa, ta ƙara da cewa, "Ka ce mata aro ne."