Jak a Kan Gungumen Sara

Mota ta faɗo mini a hannun dama ranar wata Lahadi da rana, a tsakar gidanmu na haya da ke unguwar Congo-Russia. Yatsu uku suka karye. Ni mahauci ne, da wannan hannun nake ci.

Tsohuwar mota ce, na saye ta don kai nama gidajen abinci daga kwatar Abattoir zuwa Tina Junction. Na ga man birki yana ɗiga ta tayar baya, na ce ba sai na je gun bakanike ba, in fara gani da idona. Jak ɗin da na tarar a but gajere ne, ya ƙare tsawonsa taya ba ta bar ƙasa ba. Na waiwaya, sai ga gungumen da nake saran ƙashi a kai, wanda na kawo gida don ya tsufa. Shekara goma sha biyu yana shan gatari bai tsage ba. Na ɗora jak a kansa, na ɗaga, na cire taya, na zura hannu bayan ƙarfen birki. Ban ji ƙara ba. Na dai ji nauyi.

Maƙwabcina ne ya cire ni. Dattijo ne ɗan ƙasar nan, tsohon direban gwamnati, kowa Baba yake ce masa. Dawowarsa daga coci ke nan, da kwat a jikinsa ya durƙusa ya sa nasa jak. A asibiti suka ɗaure hannun, likita ya ce sai bayan wata biyu za a san ko zai sake riƙe wuƙa.

Ciwo na san shi, na sha yankewa da wuƙa. Abin da ya hana ni sakat daban ne. Gungumen bai fashe ba. Jak bai karye ba. To me ya faɗo da motar? Kwana huɗu ina zaune ina kallonta a karkace. Rana ta biyar na kira Baba.

"Baba, zo ka gaya mini laifin wa."

"Mai nama, kana so ka kai mota kotu ne?"

"Ina so in sani."

Ya shiga ɗaki ya fito da dankalin turawa guda ɗaya, ya ajiye a ƙasa inda motar take. Dankali ya gangara, a hankali, har bakin magudanar ruwa. Na daɗe a gidan, kullum ina taka wurin, ban taɓa lura gangara ne ba.

"Wannan ɗaya," in ji shi. "Ka sa giya? Ka ja birkin hannu? Ka sa dutse a taya?"

"Na ja birkin hannu."

"Birkin da kake gyarawa don yana yoyo? Kai!"

Ya jawo gungumen, ya zuba masa ruwa daga buta. Ruwan bai shiga ba, ya tsaya dunƙule-dunƙule ya zame. Ya karce saman da farce, ya nuna mini. Kitse ne, na shanun da ba zan iya ƙirgawa ba, ya jiƙa itacen har ciki. Ya ɗora jak a kai, ya tura da yatsa biyu. Jak ya tafi kamar a kan sabulu. Ga tsakiyar kuma gatari ya rarake ta, gindin jak bai taɓa zama daidai ba.

Na karɓa na tura da hagu. Na sake turawa. Sau biyar na yi, Baba yana dariya.

"Ya isa, ba zai canza ba. Tsaya in tambaye ka. In kun rataye sa a kwata, igiya nawa?"

"Biyu. Kowace ƙafa da tata."

"Don me?"

"Ɗaya tana iya tsinkewa."

"To nauyin sa nawa ne a cikin motar nan? Kai ka rataye shi da igiya ɗaya, ka shafa ma igiyan mai, ka shiga ƙarƙashi!"

Shi ya ƙarasa gyaran, ni ina kan benci ina tambaya. Ya mayar da taya, muka tura motar gaban shagon tela inda siminti yake a shimfiɗe. Ya sa giya, ya tokare tayoyin gaba da duwatsu, gaba da baya. Ya sassauta notuna tun taya tana ƙasa, ya ce in ka bari sai ta tashi, ƙarfin da za ka sa ma ya isa ya ture motar. Ya kama hannuna na hagu ya shafa mini ƙasan motar har na ji wani wuri mai kauri da ɗan tsagi. Nan ne mazaunin jak, sauran duk gwangwani ne. Da ta tashi ya sa wani ƙarfe mai ƙafa uku ya tallafe ta, ya kuma tura tayar safaya ƙarƙashi. Sannan ya dafa motar ya girgiza ta da ƙarfi.

"In zai faɗi, ya faɗi yanzu ina tsaye."

Bayan wata biyu aka kwance hannun. Yatsa ɗaya ya dawo, biyu suka ƙi lanƙwasa. Na koma kwata, sarkin fawa ya miƙo mini wuƙa ya nuna wata akuya ya ce in feɗe. Na huda fatar wuri uku, wuƙar ta faɗi sau biyu. Ya karɓi abarsa.

Fiɗa ta wuce ni. Na koyi yanka da hagu, wata bakwai kafin tsoka ta daina fita a karkace. Yanzu ina Abattoir, teburi na biyu daga bakin ƙofa, ina sayar da kayan ciki daga safe zuwa azahar.