Kaka da Ɗan Farinta, Depite

Duk lokacin da aka wuce da kwandon bandar Lagdo ta ƙofar gidana, ƙamshin nan yakan mayar da ni gidanmu na Roumdé Adjia, ranar da Baba zai dawo daga Yaoundé. Da wannan kifin Kaka take yi masa miya, da hannunta, amma ba ita take kai masa ba.

Baba ya daɗe a majalisar ƙasa, har yaran unguwa suka ɗauka "Depite" shi ne sunansa na yanka. In ya zo hutu, zaure ya cika: masunta, fatake, manoma mazauna kan duwatsu, kowa da kukansa. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa zama gabansa ba, wato mahaifiyarsa. Ɗan farinta ne. A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta hira da shi. In ya durƙusa gaishe ta, sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In muryarsa ta fito a rediyo da Faransanci, kuma akwai mutane a tsakar gida, sai ta tashi ta shige ɗaki.

Ni a lokacin na ɗauka ƙiyayya ce. Shi ma, duk da ya san al'ada, abin ya fara cinsa. Kakanninmu fatake ne daga Kano, sai ya ƙudurta cewa fushi take yi don ya bar kasuwancin gado. Wata damina ya tara ƙannensa ya ce ba zai sake tsayawa zaɓe ba, zai dawo ya buɗe rumfar hatsi, ko ta huce.

Labari ya kai ga Kaka. Ta yaya za ta hana shi, alhali ba ta magana da shi?

Washegari da hantsi ƙawarta ta zo, wata Kirista mai sayar da gyaɗa. Baba yana alwala bayan zana. Sai Kaka, wadda ba ta ɗaga murya, ta ɗaga.

"Kin ji wai wani zai ajiye aikin jama'a ya dawo ya zauna mana a ka?"

"Wane ne kuma, Hajiya?" in ji ƙawar, tana danne dariya.

"Oho. Wa ya ce masa mun rasa mai awon gero? Ke, wa ya tsaya muku da za a tashe ku daga bakin kasuwa?"

"Shi ne."

"To, ya koma inda Allah ya ajiye shi. Uwarsa dai ba ta ce ta gaji ba."

Ina kallon Baba. Ya daɗe riƙe da butar bai zuba ruwan ba. Bai buɗe rumfar ba, kuma ya ci gaba da wakiltar mutanenmu har gashinsa ya yi fari fat.

Na girma kafin na gane na zalunci tsohuwar nan a zuciyata. Yau 'yata tana kiran ɗan farinta da sunansa, tana sumbatarsa a gaban kowa, ban kuma ga laifinta ba. Sai dai Baba, a tsufansa, ya taɓa gaya mini cewa an yaba masa a wurare da yawa, amma sau ɗaya ya tabbata da shi ake, ranar da aka yi gulmarsa ta bayan zana.