Minti Ashirin da Biyar a Birnin Kebbi

Sunana Hamma, direba ne ni a tashar Jega. Shekara tara ni ke ɗauko Kaftin Bashar daga filin jirgin Birnin Kebbi in kai shi gida Danwarai, a ƙasar Aliero, duk sanda ya samu hutu.

Gidansu manoman albasa ne. Da ya samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya, yayansa Malami ya sayar da fadamar da mahaifinsu ya bari, aka kai shi. Bayan ya gama sai da ya yi shekara uku a zaune kafin wani ƙaramin kamfani ya ɗauke shi. Jirgin mai farfela biyu ne, yana cin mutum hamsin. Ya taso daga Abuja, ya sauka Birnin Kebbi, ya wuce Sakkwato, ya koma, wata rana har sau biyu.

Aikin yana da daɗinsa, shi ma bai taɓa musu ba. Yakan ce mini in damina ta zauna, ƙasar Maiyama daga sama kamar an shimfiɗa koriyar darduma. Ya gina wa mahaifiyarsa Iyatu ɗakin bulo, ya haƙa wa unguwarsu rijiyar burtsatse. Ko a layin mai aka hango farar rigar nan tasa, sai a ba shi hanya. Amma salla huɗu a jere yana sama. Raɗin sunan 'yarsa Mubina ta waya ya ji shi. Ga mutanen gari, su a ganinsu jirgin nasa ne, in ya ce ba shi da ikon ɗaukar kowa kyauta sai a ce ya yi girman kai.

Wata Talata ciwon Iyatu ya yi tsanani a asibiti nan Jega. Malami ya kira ni ya ce, "Hamma, tahi ka ɗauko shi. Tun sahe sunanshi tsohuwa ke kira."

Ina tsaye jikin mota jirgin ya sauka da azahar. Bashar ya fito da gudu-gudu, hularsa a hannu. Na buɗe masa ƙofa na ce, "Kaftin, shiga mu tahi."

Bai shiga ba. Ashe tun a Abuja ya roƙi manajansu a ba shi yini ɗaya, aka ce babu mai canjinsa, domin matuƙa biyu sun gudu zuwa wani babban kamfani a watan. Minti ashirin da biyar jirgin ke yi a ƙasa. Jega kuwa, ko na taka mota yadda na iya, tafiyar minti arba'in ce.

"Hamma, mutum arba'in da bakwai na cikin jirgin ga," in ji shi. "In na bar su nan, aikin ya tahi ke nan. Maganin da taka sha ma da aikin ga nika sayenshi."

Ya kira Malami, aka kara wa Iyatu waya a kunne. Ya yi ta cewa, "Inna, ni ne, gobe da sahe ina nan." Numfashinta kawai ya ji. Aka leƙo daga ciki aka yafito shi. Ya share fuska da hular, ya juya.

Ta cika bayan la'asar, aka kai ta kafin magariba. Shi kuwa ya iso washegari da hantsi. Malami bai yi masa faɗa ba. Ya miƙa masa hannu a gaban masu gaisuwa ya ce, "Sannu da aiki, Kaftin." Na ga yadda Bashar ya sunkuyar da kai. Kwana uku aka ba shi, ya koma.

Wata goma sha huɗu bayan nan ya je gwajin lafiyar da ake yi wa matuƙa. Likita ya ce jininsa ya hau, zuciyarsa ma ba ta bugawa daidai, aka riƙe lasisinsa. Kamfanin ya aiko masa takarda mai layi uku, layi na ƙarshe yana tuna masa ya mayar da katin shaida da kayan aiki. Manajan bai ko kira shi ba.

Yanzu yana kasuwar albasa ta Aliero, yana kula da lodin tireloli masu zuwa kudu, a ƙarƙashin wani ɗan ajinsu na firamare. Shekararsa arba'in da ɗaya. Har yau Kaftin ake ce masa, wasu don girmamawa, wasu kuma don su ji abin da zai ce.

Kwanan baya na leƙa wurinsa, sai wani mahauci daga Dangamaji ya same shi a rumfa da takardun ɗansa da fom ɗin makarantar Zariya, wai ɗan ya nace sai tuƙin jirgi. Ya ce, "Kaftin, don Allah mi ka gani?"

Bashar ya jima yana juya takardun. Sannan ya ce, "Aiki ne mai kyau, Malam. Sai dai ka dubi ɗan naka sosai yanzu, ka ƙoshi da ganinshi."

Ya ari biro a hannuna ya cike masa fom ɗin.