Hannun Mai Jan Zabura

Ban san mutumin da ke jan Zabura yau a coci ba. Rigarsa ta sha guga, amma yana ɓoye hannunsa a baya. Na yi shekara da shekaru ina duba faratan ɗalibai, don haka baƙin man da ke nasa bai kuɓuce mini ba. Bakanike ne, babu shakka.

Ƙa'ida ita ce ya ɗaga hannu a ƙarshen baiti, jama'a su amsa. Ya kai ƙarshen, bai ɗaga ba. Cocin ya yi tsit, Zabura kuwa ba ta cika sai da amshi.

Wata tsohuwa ta ce, "Ɗaga mana, ɗana! Ba farce muka zo dubawa ba."

Ya ɗaga hannun, yatsu a buɗe. Muka amsa gaba ɗaya.