Mai Shida da Takardun da Ya Liƙa

Haihuwa da Tasowa

An haifi marigayi Injiniya, wanda abokan aikinsa suka fi sani da laƙabin Mai Shida, a watan Maris na shekarar 1959, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, cikin gidan haya da ke bayan gidan waya. Mahaifinsa mai raba wasiƙu ne a kan keke, mahaifiyarsa kuwa tela ce. Babu abin da ke ɓata wa mahaifin rai kamar gidan da ba shi da lamba, har yakan zaro alli daga aljihu ya rubuta wa mutane lamba a ƙofa ba tare da sun roƙe shi ba. Wannan hali ɗan ya gada kaf.

Karatu, Aiki da Aure

Ya shiga makarantar firamare a shekarar 1966, ya kuma kammala kwalejin fasaha a 1981 da takardar shaida a fannin sadarwa. A wannan shekarar aka ɗauke shi aiki a ma'aikatar tarho, inda ya shafe shekaru goma sha shida yana hawa turakun waya. A 1985 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, mace mai haƙuri da iya zolaya, wadda shi da kowa ke kira Uwargida. A 1997 ya koma wani sabon kamfani mai kai wa gidaje intanet, aka ba shi ɗaki mai sanyi, cike da na'urori masu ƙiftawa da wayoyi da suka sarƙe kamar zaren mahaifiyarsa.

Shekarun Jira

A shekarar 2001 kamfanin ya tura shi kwas, kuma daga nan ya dawo da muradin da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. An koya musu cewa kowace na'ura da ke kan intanet tana buƙatar adireshi kamar yadda gida ke buƙata, cewa adiresoshin tsohon tsari, wanda ake kira na huɗu, ba su wuce biliyan huɗu da 'yan kai ba, kuma an riga an ƙirƙiro tsari na shida wanda ba a hango ranar ƙarewarsa. Ya rubuta wa hukumar kamfanin takarda mai shafi arba'in yana neman a koma tsari na shida. Manaja ya yaba ƙwarai, ya ce sai baɗi.

Injiniya bai yi fushi ba. Sai ya zauna ya raba wa kowace unguwa da kowane layi kasonsu na sabon adireshi, ya riƙa rubuta shi da hannu a 'yar takarda mai gam yana liƙawa a cikin murfin kowane akwatin waya na bakin titi, domin ranar da za a kunna sabon tsarin a tarar da komai a shirye. Takarda ta farko ya liƙa ta ne a ƙarƙashin na'urar intanet ta falonsa, a watan Janairu na 2002. Manajoji biyar suka zo suka tafi, kowanne da baɗinsa: wani ya ce na'urorin ba su tsufa ba, wani ya ce babu mai gidan da ya taɓa tambaya. Ma'aikata suka laƙaba masa Mai Shida, Uwargida kuma, wadda ta haifa masa 'ya'ya shida, takan ce ita dai ta cika nata alƙawarin, saura kamfani.

A 2011 rumbun tsofaffin adiresoshi na duniya ya ƙare. Maimakon sabon tsari, kamfanin ya zaɓi cusa gidaje ɗaruruwa a ƙarƙashin adireshi guda, wanda ya sa idan mutum ɗaya ya yi ɓarna sai a toshe unguwa baki ɗaya. Haka autarsa ta kwana uku ba ta iya rajistar jarrabawa ba saboda laifin wani da ba ta taɓa gani ba. Wannan ya yi masa ciwo matuƙa. Ya yi ritaya a 2019 ba a kunna ba, kuma ya shaida wa Uwargida cewa tsoronsa ɗaya shi ne ya mutu a bar takardun nan su zama abin dariya.

Ranar da Aka Kunna

A 2022 sabuwar shugabar kamfanin ta yanke shawarar kunnawa, sai aka tarar tsarin rabon da ya bari a kwamfuta ya salwanta wajen sauya na'urori. Ma'aikata suka bi akwatunan titi ɗaya bayan ɗaya, suka iske takardunsa suna nan, sun yi ja amma rubutun raɗau. Da su aka yi aikin. Ranar wata Asabar da hantsi a watan Mayu na 2023 aka ɗauko shi da mota, ya danna maɓalli da hannunsa. Babu abin da ya motsa, babu wanda ya bugo waya ya yi ƙorafi, kuma ya tabbatar wa kowa cewa nasarar ke nan, tunda an sauya tsari ba tare da layin kowa ya yanke ba.

Ya koma gida da fara'a ya duba, sai ya ga duk layin ya samu sabon adireshi ban da gidansa. Na'urar falonsa ta tsufa, ba ta san sabon tsari ba, kuma shi ne da kansa ya hana a sauya ta shekara da shekaru saboda takardar farko tana jikinta. Uwargida ta yi dariya har da hawaye.

"Malam, ka shirya gari guda ka manta da falonka," in ji ta.

Ta ɗora buta a wuta, ta kara takardar a tururi kamar yadda ta ga surukinta yana ɓamɓare kan sarki daga jikin ambulan, ta ɗaga ta ba tare da ta yage ba, ta liƙa a sabuwar na'urar da babban ɗansu ya sayo. Da adireshin ya bayyana a allon kwamfuta, Injiniya ya gwada shi da na takardar harafi bayan harafi, ya tarar daidai suke.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, huɗu ga watan Yuni na 2024, yana da shekaru sittin da biyar, bayan gajeriyar jinya. An yi jana'izarsa da la'asar, aka binne shi a maƙabartar da ke kusa da tsohon gidan waya, inda mahaifinsa yake. Ya bar Uwargida da 'ya'ya shida: babban ɗansa, injiniyan ruwa, mai bi masa, malamar lissafi, tagwaye, ɗaya direban jirgin ƙasa ɗaya mai harhaɗa magunguna, ta biyar, wadda ta gaji keken ɗinkin kakarta, da auta, lauya. Ya kuma bar jikoki goma sha ɗaya.

Takardar farko tana nan a ƙarƙashin na'urar falon. Duk mai share ɗakin an gargaɗe shi kada tsumma ya taɓa ta, domin Uwargida ce kaɗai ke goge wurin.